Me Ya Sa Tasi Ke Wuyar Samu a Abuja Idan Dare Ya Yi?

A Abuja akwai wani lokaci, daga bayan Magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, da titi ke cika maƙil da motoci amma mai neman tasi ya rasa wadda zai hau. A Berger, ko Area 1, ko bakin kasuwar Wuse, ko Banex, ko AYA, jama'a kan yi dafifi a gefen hanya, kowa na miƙa hannu. Mota ɗaya ta rage gudu, kafin direba ya gama cewa "Nyanya" mutum goma sun riƙe ƙofa. Mai goyo da mai kaya da dattijon da ba zai iya turereniya ba, su ake bari a tsaye. Idan daren Juma'a ne, ko hadari ya haɗo, sai abin ya ninka.

Bayanin da aka fi ji a bakin mutane shi ne motocin haya sun yi kaɗan. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai ƙosar ba, domin waɗannan motocin ne dai da hantsi suke zagaya gari suna danna oda, suna roƙon fasinja. Da dare ina suke shiga? Kuma wanda ya rage a kan titi, me ya sa zai leƙo ta taga, ya ji inda za ka, ya girgiza kai ya ja motarsa alhali kuɗinka na hannu? Amsar tana cikin lissafin da direba ke yi a ransa kafin ya taka birki, kuma tsarin garin ne ya ɗora masa wannan lissafi.

A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka kammala taswirar ginin a 1979, gwamnati ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Abin da aka samu gari ne mai faffaɗan tituna, unguwanni nesa da juna, wanda ya dace da mai motar kansa. Taswirar ta tanadi hanyoyin sufurin jama'a masu ratsa unguwanni, amma ofisoshi da gidajen manya suka riga su tashi da shekaru masu yawa. Kuɗin haya a Maitama da Asokoro da Wuse da Garki ya fi ƙarfin masinja da maigadi da nas da mai jiran shago, har ma da matsakaicin ma'aikacin gwamnati. Rushe-rushen da aka yi lokacin da Nasir El-Rufai ke ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara tura talakawa waje. Yanzu masu yi wa Abuja aiki suna kwana a Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Kuje da Gwagwalada da Zuba, wasu ma a wata jiha: Mararaba da Masaka a Nasarawa, Suleja da Madalla a Neja.

Manyan hanyoyi uku ne ke ɗauke da yawancin wannan jama'a: hanyar Keffi da ta bi ta AYA da Kugbo, hanyar Kubwa zuwa Zuba, sai hanyar filin jirgin sama da ta ratsa Lugbe. Da safe kowa na shigowa, da yamma kowa na fita. Nan ne tushen matsalar, kuma shi ne abin da fasinja ba ya gani daga inda yake tsaye.

A garin da mutane ke kai-da-komo ta kowace fuska, direba ya sauke wani ya ɗauki wani, motarsa ba ta tafiya fayau. A Abuja da dare kuwa, wanda ya yi lodi daga AYA zuwa Masaka ya san babu mai shigowa cikin gari a wannan lokaci. Zai dawo shi kaɗai, yana ƙona mai, ko kuma ya haƙura da dawowar. Mu ɗauki misali mai sauƙi. Tafiyar kilomita 30 ta zama 60 idan aka haɗa da dawowa. Tsohuwar mota da ke shan lita ɗaya a kowane kilomita 10 za ta sha lita shida. Idan lita na naira 1,000, naira 6,000 ta tafi a mai kaɗai, kuma fasinjojin zuwa ne za su biya duka biyun. Shi ya sa kuɗin mota ke tashi da dare ko da babu wanda ya haɗa baki da wani. Shi ya sa kuma ake cusa mutum biyu a gaba, huɗu a baya.

Sai lokaci. Cunkoson hanyar Nyanya ba baƙon kowa ba ne. Tun bayan bam ɗin da ya tashi a tashar motar Nyanya ranar 14 ga Afrilu, 2014, shingayen bincike suka riƙa ƙara wa hanyar nauyi, ga 'yan kasuwa da suka cinye gefen titi a Mararaba. Motar da za ta yi sawu uku a cikin awa biyu da rana, da magariba sawu ɗaya za ta yi. Yawan motocin bai canza ba, amma yawan kujerun da ke isowa wurin masu jira ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. Tasin da kake jira tana nan, ta maƙale a Kugbo da wasu mutane a ciki.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: direban ma ba a Maitama yake kwana ba. Gidansa na Mararaba ko Dutsen Alhaji ko Suleja, kamar na fasinjojinsa. Lodin da ya yi da ƙarfe takwas zuwa unguwarsu, sau da yawa shi ne na ƙarshe. Ya sauke mutane, ya karya kwana ya shiga gida. Don haka kowace mota da ta fita daga tsakiyar gari da dare, akwai yiwuwar ta fita ke nan sai gobe. Idan direba ya tambaye ka inda za ka kafin ya buɗe ƙofa, ba wulaƙanci yake nufi ba. Yana duba ko hanyarka ta zo daidai da hanyar gidansa.

Da a ce akwai wasu ababen hawa da za su cike giɓin, da abin bai kai haka ba. Amma an yi ta rage su ɗaya bayan ɗaya. A 2006 aka hana acaɓa aiki a tsakiyar birnin. A 2013, zamanin minista Bala Mohammed, aka hana ƙananan bas-bas da ake kira araba shiga cikin gari, da alƙawarin manyan motocin safa za su maye gurbinsu. Keke mai ƙafa uku ma an taƙaita shi ga wasu unguwanni da garuruwan gefe. Kowane mataki na da hujjarsa, ta tsaro ko ta tsari, kuma ba duka ne marasa kan gado ba. Inda aka gaza shi ne manyan motocin na hukumar sufurin birnin ba su taɓa wadatarwa ba, da yawa sun lalace an jingine su, waɗanda ke aiki kuma sun fi ƙarfi a lokacin zuwa ofis da tashi. Sai nauyin gari guda ya faɗa kan ƙananan motoci masu cin mutum biyar ko shida.

Wani ɓangare babba na waɗannan motoci ma ba tasi ba ne mai koren fenti. Kabu-kabu ne: ma'aikaci ya taso daga sakatariya a motarsa, ya tsaya ya kwashi mutum huɗu masu bin hanyarsa don ya rage kuɗin mai. Waɗannan suna taimakawa ƙwarai, amma agogon ofis suke bi. Daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai suna da yawa, bayan nan sun isa gida sun ci tuwo. Mai aiki a otal ko asibiti ko gidan abinci ko kantin zamani, wanda sai tara ko goma yake tashi, ya fito bayan kasuwa ta watse.

Yawancin direbobin tasi ba su ne masu motar ba. Akwai balas da za su kai wa mai mota kullum ko duk mako, ko kuma mota ce ta biya-sannu-sannu da aka ninka mata farashi. Direba ya fito tun asuba da adadi a kansa: kuɗin balas, kuɗin mai, kuɗin tikitin ƙungiya da na 'yan kamasho, sannan na cefane. Ranar da gari ya yi kyau yana iya haɗa wannan adadi tun la'asar. Mutumin da ya yi awa goma sha huɗu yana riƙe da sitiyari, ya cika abin da ya fito nema, me zai tsaya yi har sha ɗaya na dare?

Wannan tambaya ta taɓa jan hankalin masana tattalin arziki a Amurka. A 1997 Colin Camerer da Richard Thaler da abokan aikinsu biyu suka nazarci takardun aikin direbobin tasi na New York, suka ce da yawansu na tashi aiki da wuri a ranar da ciniki ya yi kyau, saboda sun cika adadin da suka sa wa kansu. Ma'ana, ranar da aka fi buƙatar tasi ita ce ranar da direbobi ke saurin komawa gida. Daga baya Henry Farber na Jami'ar Princeton ya bi bayanan tafiye-tafiyen tasi na birnin na 2009 zuwa 2013, ya ce abin bai kai yadda aka zuzuta ba: akasarin direbobi kan ƙara awoyi idan kuɗi na shigowa. Game da ruwan sama kuwa, ya gano abin da direba ke samu a awa ba ya ƙaruwa, saboda tafiya na yin nawa, ga wahalar tuƙi, sai wasu su ajiye mota. A ganina bayanin Farber ya fi kama da abin da ke faruwa a Abuja lokacin damina. Ruwa ya sauko, masu tafiya a ƙasa duk sun koma neman mota, gilashi ya yi hazo, abin goge gilashi ya mutu tun bara, ramuka sun ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Direba ya auna kuɗin gyaran ƙafar mota da ɗan abin da zai ƙaru, ya sami inuwar gidan mai ya fake.

Man fetur ya zo ya dagula lissafin gaba ɗaya. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin kwanaki ta haura 500, a Oktoban 2024 ta wuce 1,000 a Abuja. Da can direba kan yi ta zagaye a hankali yana neman fasinja, domin man da zai ƙona bai taka kara ya karya ba. Yanzu yawon banza asara ce tsagwaronta. Ya gwammace ya kashe mota a inda ya san za a cika ta, ya jira. Wanda ke tsaye a wani lungu na Wuse 2 ko Jabi ko Gwarinpa yana sa ran wata za ta gifta, zai daɗe bai gani ba. Lokutan da mai ya yi wuya kuwa, dare ne lokacin bin layi; direbobi da dama a gidan mai suke kwana don su sami abin aikin gobe. Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas sun sami sauƙin farashi, amma wuraren sayar da gas ɗin kaɗan ne, layinsu ma na cin awoyi.

Duk wannan lissafin kuɗi ne. Wanda ya fi shi nauyi shi ne tsoro, kuma ta fuska biyu yake aiki.

Mazauna Abuja sun san 'yan wan cans: mota ta tsaya kamar ta haya, da mutum biyu ko uku a ciki kamar fasinjoji, wani lokaci har da mace don a saki jiki. Wanda ya shiga a ƙwace masa waya, a tilasta shi ya faɗi lambar sirrin katinsa, a kwashe abin da ke asusunsa, a jefar da shi a gefen hanya, wani lokaci motar na cikin gudu. An rasa rayuka ta haka. Saboda haka kowa ya haddace ƙa'idojin kare kai: kar ka shiga mota mai baƙin gilashi, kar ka shiga marar fenti, kar ka yarda a sa ka a tsakiya, kar ka hau a inda ba tasha ba. Shawarwari ne masu kyau. Amma a duba abin da suke haifarwa: mota ta tsaya da kujera biyu babu kowa, mutum ashirin na tsaye, babu mai motsi, saboda fuskokin da ke ciki ba su kwanta musu ba. Kabu-kabun da ya kamata ya rage cunkoson ya zama abin zargi. Kujerar na nan, amma a wurin mai jira daidai take da babu. Mata sun fi kowa shan wannan wahala, domin sun fi kowa tantancewa kafin su shiga.

Direba ma tsoron fasinja yake. An sha ƙwace motoci a hannun direbobi bayan an ɗauke su shata zuwa wani wuri mai duhu, wasu an kashe su. Samari uku su tare tasi da ƙarfe goma su ce a kai su bayan Kuje ko cikin Bwari, ko sun ninka kuɗi da wuya ya yarda, musamman tun da satar mutane ta addabi wasu yankunan gefen birnin. Akwai unguwannin da a zahiri an shafe su daga taswirar direbobi da zarar an yi Isha'i. Mutumin kirki da ke zaune a can shi ke biyan kuɗin laifin da bai aikata ba.

Da Uber, manhajar kiran mota ta waya, ta iso Abuja a 2016, irinta Bolt da inDrive suka biyo baya, an ɗauka an rabu da tsayuwar bakin titi. Sun kawo sauƙi na gaske: ka san sunan direba da lambar mota, kana iya tura wa ɗan'uwanka hanyar da kake bi. Amma manhaja ba ta sauya taswirar gari ba. Dabararta idan masu nema suka yi yawa ita ce ta ɗaga farashi, don wasu fasinjoji su haƙura, wasu direbobi kuma su fito. Rabin farko na aiki nan take, domin mai ƙaramin albashi na ganin kuɗin zai rufe wayarsa. Rabi na biyu bai cika aiki ba. Direban da ya riga ya isa Masaka ba zai taso ya yi kilomita masu yawa fayau saboda ƙarin da zai iya gushewa kafin ya iso ba.

Daga nan ne aka sami wannan kira da duk mai amfani da manhaja ya sani: "Ranka ya daɗe, ina za ka? Kuɗi a hannu ne ko turawa za ka yi?" In amsar ba ta yi masa ba, sai ya ce ka soke, ko ya tsaya inda yake har ka gaji. Wani ya ce a kashe manhajar a yi ciniki da baki. Kamfanoni irin su Uber da Bolt na cire kamasho da ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kuɗin tafiya, kuma farashin da suke sawa na zuwa ne kawai, bai san da dawowa ba. A watan Yunin 2023 direbobin manhaja suka yi yajin aiki a kan haka, suna neman a ƙara kuɗin tafiya a rage kamasho. Ba na wanke direban da ke wasa da hankalin fasinja da tsakar dare. Sai dai wanda ya karɓi ciniki ba ta manhaja ba ya sani cewa ya jefar da kariyar da ta sa ya buɗe manhajar tun farko.

Wasu darare na da nasu dalilin na daban. Da azumi, daf da shan ruwa, direbobi Musulmi da yawa na fakawa, daidai lokacin da kowa ke gaggawar isa gida. Da Sallah da Kirsimeti direbobi na tafiya garuruwansu, ko su koma ɗaukar fasinjan doguwar tafiya da ya fi tsoka. Watan Disamba kuma ga bukukuwan aure, ɗakin taro ɗaya ya sako mutum ɗari biyar a lokaci guda a unguwar da tasi ba ta bi.

Kano ta ɗanɗana irin wannan ta wata hanya. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, Adaidaita Sahu ta zama ƙafar gari, sannan a Yulin 2022 gwamnatin jihar ta hana ta aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda tsaro. Mai rakiyar mara lafiya da wanda motarsa ta iso tasha a makare suka shiga tasku. Bambancin shi ne a Kano kasuwa da gida da asibiti na cakuɗe da juna, mutum na iya takawa ko maƙwabci ya miƙa shi a babur. Daga Wuse zuwa Mararaba ba tafiyar ƙafa ba ce.

Gwamnati ta yi wasu yunƙuri. Jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a Yulin 2018 ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, aka sake tayar da shi a Mayun 2024. Yana haɗa tsakiyar gari da Idu da filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, amma bai leƙa hanyar Nyanya da Mararaba ba, inda jama'a suka fi yawa, kuma tashoshinsa da dama na nesa da gidajen mutane, sai ka nemi wata motar kafin ka kai gare su. A 2025, ƙarƙashin minista Nyesom Wike, aka ƙaddamar da sabbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo, da nufin fasinja ya hau motar da aka san direbanta. Wannan zai taimaka ta fuskar tsoro, in har an tafiyar da su yadda ya kamata.

Ta fuskar lissafin direba kuwa, gini ba ya magani. Abin da manyan birane ke yi shi ne su sa manyan motocin safa na dare a kan jadawali, su tashi a kan lokaci ko sun cika ko ba su cika ba, hukuma ta ɗauki asarar dawowa fayau daga aljihunta, domin babu ɗan kasuwar da zai ɗauka. Abuja ta ma fi wasu garuruwan sauƙin yin haka, tun da hanyoyi uku ne kacal ke ɗauke da yawancin masu fita. Wasu otal-otal da asibitoci masu zaman kansu sun daɗe da gane wannan, suna ajiye bas da ke mayar da ma'aikatan dare gida. Ma'aikacin da wurin aikinsa bai da irin wannan tanadi, zaɓinsa uku ne: ya ɗauki shatar da za ta cinye abin da ya samu a ranar, ya shiga motar da bai yarda da ita ba, ko ya nemi kwali ya kwana a wurin aiki.